Dutsi da Kwari: Tarihin Adar Yana Cikin Gidajenmu

Yau hirarmu a kan ƙasar Adar take, wato Tawa da garuruwan da ke kewaye da ita. Wanda ba Ba'adare ba, kada ya ce babu ruwansa. Abin da za mu faɗi a kan Adar, kowa na iya auna shi da ƙasarsu.

Wani dare a ajinmu, a wani ƙauye arewa da Tawa, na ce ma ɗalibaina kowa ya rubuta sunan mahaifinsa, da na kakansa, da na uban kakan, har inda ya iya kaiwa. Na yi haka ne don su saba da rubuta sunaye. Yawancinsu sunka tsaya a suna uku. Ni kaina huɗu na iya kawowa. Sai wani magidanci ya aje bik ɗinsa ya ce, "Mushe, ni daga kakana ban san kowa ba. Baba ya sani, amma ya rasu ina Abijan." Aji ya yi tsit. Can sai wata dattijuwa ta ce masa, "Ɗana, ai ni na san su." Ta ƙirga masa kakanninsa bakwai da baki, ta faɗi dutsen da na bakwai ɗin ya zauna a kai, da rijiyar da na biyar ya gina. Ya ce, "Inna, sannu a hankali, bari in rubuta." Ita ba ta iya riƙon alli sosai ba tukuna. Shi kuwa ya iya rubutu amma bai san abin rubutawa ba. A daren nan sunka haɗa abin da kowa ke da shi.

Daga wannan dare na ɗauko hirar yau.

Ƙasar kanta

Adar ƙasar duwatsu ce, shi ya sa ake ce mata Adar Dutsi. Bisa dutsen akwai fako mai faɗi, mai baƙar tsakuwa, inda ruwa ba ya shiga ƙasa. A ƙarƙashinsa akwai kwari, inda ƙasa ke da kyau. Manyan kwaruruwan kun san su: kwarin Keita, kwarin Badagishiri, da Majiya wadda ta taso daga wajen Buza ta bi ta ƙasar Ƙonni har ta zuba a tabkin Kalmalo cikin Najeriya. A arewa da Tawa kuma akwai Tadis, kan hanyar Azawak.

Koramunmu ba irin kogin Kwara ba ne da ke gudu rani da damina. Ruwa na sauka bisa dutse, ya gangaro da ƙarfi, ya cika korama, bayan kwana ɗaya ko biyu sai yashi. A Tawa ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba. Saboda haka wanda ya samu gona a kwari ya samu abinci: dawa da damina, albasa da tumatir da rani, ga rijiya ba zurfi.

Yara kan tsinto duwatsu masu siffar katantanwa a gefen tudu. Masana sun ce teku ya taɓa rufe wannan ƙasa, shekaru fiye da miliyan 50 da sunka wuce. Farin dutsen da tekun ya bari, irinsa ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti.

Ku riƙe abu biyu, dutsi da kwari. Dutsi wurin ɓuya ne, kwari wurin abinci. In akwai yaƙi, kakanninmu su hau. In an samu lafiya, su sauko. Da wannan za ku gane tarihin garuruwa da yawa na Adar, har da naku.

Waɗanda sunka fara zama

Mutanen da aka fi sani da daɗewa a Adar su ne Azna. Hausa suke ji, noma da farauta suke yi. Akwai waɗanda ake ce ma Aznan ramu, don labarin kakanninsu ya ce cikin ramun dutsi sunka fara zama. Wasu kuma sun zo daga baya, ƙungiya ƙungiya. Da yawa na cewa daga Abzin sunka gangaro, kamar yadda Gobirawa ma ke faɗi game da nasu asali. Wasu daga gabas, wasu daga Kabi.

A wancan zamani gidan da ya fara saran daji shi ke da ƙasa. Baƙo in ya zo, wurinsu yake roƙon gona. Su ne ke buɗe daji kafin farauta, su ke duba yadda shekara za ta kasance. Har yanzu ana irin wannan duba a Masallata kusa da Ƙonni, inda ake ce masa arwa. Yau kusan dukan Adarawa Musulmi ne, amma a ƙauyuka da yawa kowa ya san gidan da ake ce ma masu ƙasa, ko da sarautar gari na wani gida daban. Tawa kanta daga ƙauyukan Azna biyu ta taso, Bilbis da Fakawa. Wanda ya san Tawa ya san unguwar Bilbis.

Kowane dangi da sana'arsa ta gado. Akwai mafarauta, akwai majema, masaƙa, wanzamai, mahauta. Maƙeran Adar kuwa sun yi suna. Ba su jiran ƙarfen mota. Su haƙo tama daga dutse, su gina murhu da laka, su zuba gawayi, wuta ta kwana tana ci, su fidda ƙarfe. Da shi ake ƙera hauya da gatari da mashi. Sai da ƙarfen Turawa ya yi yawa a kasuwa sannan anka bar wannan aiki. In kun ga tarin baƙin kashin ƙarfe a bayan gari, to nan maƙera sunka taɓa aiki. Ku tambaya ko maƙeran wane gida ne.

Zuwan Agabba

Akwai lokacin da Adar ke ƙarƙashin ikon Kabi, daular da Kanta ya kafa, mai birni a Surame. A shekara ta 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya zo da yaƙi ya ci Kabawa, ya karɓe Adar. Abin da Agadas ke so a nan a fili yake. Abzin ba ta noma hatsin da zai ishe ta, kuma ayarinta ta Adar yake bi zuwa kudu.

Agabba ya gaji ubansa a sarautar Agadas a 1687. A 1721 anka tuɓe shi, sai ya dawo Adar ya zauna. Daga gare shi sarautar Sarkin Adar ta samo asali. Farko a Birnin Adar take, daga baya ta koma Illela, inda take har yau. Tare da Agabba wasu Abzinawa sunka zo, ana ce musu Lisawan. Sun zauna, sun yi aure cikin ƙasa, sun ɗauki Hausa. Sarautar Keita na gidansu.

To kun ga sarauta biyu a ƙasa ɗaya. Ga mai ƙasa, wanda kakansa ya sari daji. Ga sarki, wanda kakansa ya zo da doki da takobi. Ba kullum suke faɗa ba. Sarki na karɓar haraji ya tsare gari, mai ƙasa na raba gona. In kun ji tsofaffi biyu suna gardama, wannan ya ce "mu ke da garin nan", wancan ya ce "a'a, mu ne", sau da yawa duk gaskiya suke faɗi. Ɗaya ƙasa yake nufi, ɗaya sarauta.

Shekarun hawan dutsi

A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi a Gobir, maƙwabciyar Adar. Gidan sarautar Adar ya rabu, wasu na bayan Shehu, wasu na gaba da shi. Ba a daɗe ba wani malami daga cikin Abzinawa, Muhammadu Jilani, ya ta da nasa jihadi a nan Adar. Ya yi ƙarfi ƴan shekaru, sannan Ibra na Tamesgidda da Kel Geres sunka karya shi, ya koma Sakkwato.

Daga nan ƙarfin Sarkin Adar ya ragu. Kel Geres sunka riƙe kudu, wajen Madawa. Kel Dinnik na Azawak sunka riƙe arewa, har da Tawa da Kalfu da Barmu. Talaka na biyan hatsi ga wanda ke tsaronsa, kuma duk da haka hari bai ƙare ba. Ana kwashe dabbobi, ana kama mutane a sayar.

A waɗannan shekaru ne garuruwa da yawa sunka koma bisa dutse ko gindinsa, inda doki da raƙumi ba su iya hawa da sauri. Ana jera duwatsu a yi ganuwa. Da safe maza su sauka kwari su yi noma, kwari da baka na rataye a kafaɗa. Mata su hau da tulun ruwa a kai. Kafin rana ta faɗi kowa ya koma sama. Ƙananan ƙauyuka sunka watse, mutane sunka taru a manyan garuruwa don yawa shi ne kariya.

Yau in kun hau dutsen da ke bayan garinku, wataƙila ku tarar da kufai: duwatsu a jere a kewaye, dutsen niƙa da ya lotse, fasassun tukwane, kaburbura. Kada ku wuce su kamar tsakuwa. Gidan wani ne, kuma mai yiwuwa gidanku ne. Dutsen da dattijuwar nan ta faɗa ma ɗalibina, washegari mun hau shi. Mun tarar da duwatsun niƙa guda uku.

Nasara da hanyar Tawa

Mi ya sa Tawa ta zama babban gari, ta wuce Illela da Keita? Dalilin na da ban mamaki. A 1898 Faransa da Ingila sunka raba ƙasa a kan takarda, can Turai. Sunka zana da'ira kewaye da Sakkwato, nisan kilomita 160, sunka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Ƙonni da kudancin Adar sunka faɗa ciki. Sojan Faransa da ke son zuwa Damagaram daga bakin Kwara dole su kewaya ta arewa, ta Filinge, su biyo ta Tawa. Tsakanin 1900 da 1901 sunka kafa bariki a Tawa. A 1901 sunka yi yaƙi da Kel Geres a Galma, sunka ci su.

Hanyar arewa ba ta da ruwa sosai. Faransa ta yi ta kuka, har anka sake shiri a 1904 da 1906, anka matsar da iyaka kudu, Ƙonni ta dawo wannan gefe. Amma bariki ya riga ya zauna a Tawa. Inda kwamanda yake, nan kasuwa ke girma, nan ake kai ƙara, nan ake kai lanho.

Zamanin Nasara ya kawo abu biyu ga talaka. Hari ya ƙare, sai mutane sunka fara saukowa daga dutse. Ƙane ya bar wansa ya je ya sari sabon daji, ya kafa tunga. Shi ya sa ƙauyuka da yawa ke da sunan mutum, Gidan wane ko Tungar wane. Wannan suna shi ne layin farko na tarihin garin. Amma kuma an ɗora lanho na kuɗi, da aikin dole na gina hanya da ɗaukar kaya, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Mai neman kuɗin lanho dole ya fita. Nan tafiya biɗa ta samo tushe. Nijar ta samu mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, amma tafiyar ba ta tsaya ba.

Yunwa, biɗa, da gyaran ƙasa

Tsofaffinmu da yunwa suke ƙirga shekaru. Akwai ta 1913 zuwa 1914, wadda a wurare da yawa na ƙasar Hausa ake ce ma Kakalaba. Akwai ta 1931, shekarar fara. Akwai ta 1973 da 1974. Akwai ta 1984, wadda mutane sunka laƙaba ma sunan Buhari, don a shekarar ne Najeriya ta rufe iyakarta. Akwai ta 2005. In tsohuwa ta ce muku an haife ta shekara biyu bayan fara, kun samu shekarar haihuwarta ke nan, sai ku rubuta 1933.

Kowace yunwa ta kori mutane. Da can dutse ake hawa, yanzu mota ake hawa. Adarawa sun cika Abijan, Kumasi, Legas, Kano, Kamaru, Libiya. Akwai ƙauyukan da in rani ya yi, sai mata da yara da tsofaffi. Kuɗin biɗa ya gina gidaje da masallatai, ya sayi hatsi a mugunyar shekara. Amma yaron da ya tafi yana da shekara 15 bai zauna hira da kakansa ba. Abin da ya samu ɗalibina ke nan.

Da mutane sunka yi yawa a kwari, anka sare itacen gefen dutse. Ruwa ya rasa abin da zai tare shi. Korama ta riƙa cin gona, iska na kwashe ƙasa. Sai anka tashi gyara. A 1975 anka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1984 furojen Keita ya fara aiki, da kuɗin Italiya da taimakon hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. An jera duwatsu a kan fako, an gina madatsun ruwa, an dasa miliyoyin itace. Yawancin masu aikin mata ne, don maza na wajen biɗa, kuma da abinci ake biyansu. A ƙasar Illela kuma, wajen 1989, manoma sunka je Yatenga a Burkina Faso sunka ga yadda ake haƙa ƙananan ramu a fako a zuba taki. Sunka dawo sunka gyara tasu dabara ta tasa, fako ya ba da hatsi.

Wannan ma tarihi ne. Uwar da ta ɗauki dutse a kai a Keita, ya kamata jikokinta su san sunanta da tudun da ta yi aiki, kamar yadda ake sanin sunan wanda ya yi yaƙi.

Daga ina masana sunka samo labari?

A 1975 littattafai biyu sunka fito a Yamai a kan tarihin Adar, duka da Faransanci. Ɗaya na Farfesa Djibo Hamani ne, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa. Ɗayan na wata Bafaranshiya ce, Nicole Echard, wadda ta daɗe cikin ƙauyukan Adar, har ta ɗauki maƙera a fim suna fidda ƙarfe daga tama. Sun duba tsofaffin takardun Larabci na Agadas da Sakkwato, da na Nasara. Amma babban rabo na abin da sunka rubuta, daga bakin tsofaffi sunka ji shi, a zaure da gindin itace. Sun bi gari gari suna tambaya.

Littafi ba ya iya ɗaukar kowane gida. Ya faɗi Agabba, ya faɗi Jilani. Bai faɗi wanda ya gina rijiyar garinku ba. Kuma tsofaffin da sunka yi hira da su a wancan lokaci, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya rage gare ku

Wani zai ce, mi sunan kakan kakana zai ƙara mini? Ku je wurin sarki ranar shari'a ku ji. Yawancin ƙarar gona ce. Wannan ya ce gado ce, wancan ya ce aro ce anka ba kakanka, na uku ya ce jingina ce. Da can tsofaffi ke raba gardama, don sun san wanda ya sari wuri da itacen da ke kan iyaka. Yau tsohon ya rasu, itacen an sare. Dokar ƙasar noma ta 1993 ta yarda da haƙƙin gado na gargajiya, kuma ta kafa kwamitocin ƙasa da ke ba da takardar shaida. Kayen da kunka rubuta a gida ba takardar hukuma ba ce. Amma wanda ya san tarihin gonarsa, da shaidunsa, shi ke zuwa gaban kwamiti da magana tsayayya. Ƴan'uwa da yawa sun daina gaisawa a kan abin da layi biyar na rubutu zai iya kashewa.

Saboda haka ku sayi kaye guda, ku keɓe shi don wannan aiki. Ku je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidanku, da goro a hannu. Kada ku tsaya ga maza. Tsofaffin mata sun fi riƙe wanda ya auri wa, da garin da anka ɗauko kowace amarya. Ku yi waɗannan tambayoyi:

1. Su wane ne kakanninmu, na wajen uba da na wajen uwa, har inda kuka sani?
2. Daga ina sunka zo, kuma mi ya taso su?
3. Ina kufanmu yake? Wa ya sauko da mu kwari?
4. Wa ya sari gonarmu, da wa muke iyaka, akwai wadda anka ba da aro ko jingina?
5. Mi ce sana'armu ta gado, mi ne zanenmu, mi ne kirarinmu?
6. A wace yunwa wani namu ya tafi bai dawo ba, kuma ina ya nufa?

Ku rubuta sunan wanda ya faɗa muku, da ranar da ya faɗa. In tsofaffi biyu sun saɓa, ku rubuta duka biyun, kada ku zaɓi wanda ya fi muku daɗi. In kun ji abin da ba ku so, cewa kakanku baƙo ne, ko an kamo shi a hari, ku rubuta shi yadda yake. Babu gidan da bai zo daga wani wuri ba, kuma wanda anka kama ba shi ya yi abin kunya ba. Amma abin da kunka ji game da gidan wani, ba na gori ba ne. Magana zarar bunu ce. Ku rubuta naku, ku bar ma maƙwabci nasa.

Kada ku ji tsoron kuskuren rubutu. Harafi in ya karkace ana gyara shi gobe. Tsoho in ya tafi, ba a kiran shi a sake tambaya.

Ɗalibin nan nawa ya cika shafi huɗu. Da ƙanensa zai koma Abijan bayan girbi, ya kwafe masa su a wata takarda, ya ce ya karanta ma ɗiyansa da anka haifa can, waɗanda ba su taɓa ganin dutsen Adar ba.

A aji na gaba kowa ya zo da amsar tambaya ta farko, a karanta a gaban jama'a. Wanda ya samu labarin kafuwar garinsu, ya ba malaminsa ya aiko mana. Mu kwana nan. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.